Latsa-Nan da Makala Mai Ƙofa Ko'ina

A yi wa Babban Edita kirari, don ya ci a yi masa. Giwa ne a ofishin da mutum biyar ba sa juyawa a ciki sai ɗaya ya fita. Shi ne ya duba rubutun duniya kaf, tun daga na jikin dutse har na fuskar waya, ya gano abin da ya rage masa: shuɗi. Ba don Allah ya kawo shi ba, da har yau jama'a suna nan cikin duhu, suna fara labari daga farko su bi shi har ƙarshe kamar marasa aikin yi.

Ga wanda bai sani ba, in kana karatu a intanet kakan ci karo da kalmar da ta yi shuɗi, an ja mata layi a ƙasa. Ka taɓa ta, ta sure ka ta ajiye a wani shafin. Mahaɗi ake ce mata. Sauran editoci suna barbaɗa ta kamar gishiri a miya. Shi kuwa namu gwanin cewa ya yi a zubar da miyar, a kawo gishirin.

Ma'aikatansa uku, Mai Rahoto da Ɗan Wasanni da Mai Hoto, a gabansa Yallaɓai suke ce masa, a bayan idonsa kuma Latsa-Nan. Ya taɓa tsintar sunan ta taga, ya ɗauka muƙami ne, ya sa aka buga masa shi a jikin kofin shayi.

Kada wani ya ce a sama ya tsinci matsayin nan. Gumi ya yi. Ya daɗe yana sayar da tayil a shagon kayan gini na wata dattijuwa, har ya yi dabarar auren Auta, 'yar ƙaninta, ya koma kiran uwar ɗakinsa Gwaggo. Da Gwaggo ta so buɗe shafin labarai a benen shagon don ta riƙa manna tallan siminti da fenti, sai ta duba cikin dangi ta ga wa ya fi kowa surutu. Ba a yi dogon zaɓe ba. Aka tura shi taron bita a wani otal mai sanyi. Sanyin ya ɗauke shi, bai farka ba sai daidai inda mai jawabi ke cewa, “Mahaɗi yana ƙara wa makala daraja, amma...” Sai hancinsa ya jiyo an buɗe kulolin abinci a waje. Abin da ya biyo bayan “amma” ɗin nan, waɗanda suka zauna da yunwa su suka ji. Shi ya dawo lokacin rabon satifiket, da maiƙo a leɓe da ilimi a ka.

Ana nan, ran nan Gwaggo ta aika a kira shi ƙasa. Ya sauko yana gyara wuyan riga, ya same ta zaune a kan buhunan siminti tana duba wani makulli da aka dawo da shi.

“Mijin Auta,” in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba, “an ce mini mutane suna shiga shafin nan naka su fice da gudu, kamar wanda ya buɗe banɗaki ya tarar da mutum.”

“Gwaggo, ai wannan a ilimin zamani...”

“Ajiye ilimin, ba shi na aika a kira ba. Ni ban taɓa karanta abin da kuke rubutawa a sama ba, ƙarar fanka kawai nake ji. Ranar Asabar zan hau. Ka ba ni labari guda in karanta daga farko har ƙarshe. In na kai ƙarshe, ka ci gaba da editancinka. In ban kai ba, ɗakin zan yi wani abin da shi, kai kuma ga tayil can, ya yi kewarka.”

Latsa-Nan ya waiwaya ya dubi tayil. Tayil ya dube shi. Ya tuna yadda kwalinsa yake yanka yatsu, da matan da ke sa a sauke kala goma sha su ce za su dawo. Ya kama hawan bene, kafin ya kai matakalar ƙarshe basira ta sauko masa, don babban mutum ba ya daɗewa cikin shakka. Ya gano dalilin da ya sa masu karatu ke gudu. Mahaɗin ne ya yi kaɗan.

Nan take ya kira taron gaggawa. Ma'aikata suka juyo da kujerunsu, taro ya cika.

“Abokan aiki,” ya fara, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan yana nuna silin, “makala gida ce, mahaɗi kuwa ƙofa. Matsiyaci gidansa ƙofa ɗaya, ta nan zai shiga, ta nan mai binsa bashi zai tare shi. Mai hali ƙofarsa biyu. To ni ina tambayarku, a tarihin ɗan Adam, wa aka taɓa rainawa don gidansa ya cika ƙofofi? Wancan editan na tsallaken titi ya rubuta wai uku zuwa biyar sun ishi makala. Uku! Biyar! Mahaɗi yake ƙirgawa ko yatsunsa? Wai kada a raba wa mai karatu hankali. Hankalin mai karatu gado ne da za a ce kada a raba? Daga yau, duk kalmar da ta shigo shafin nan baƙa, ba za ta fita baƙa ba.”

Mai Rahoto, wadda ta fi su daɗewa a aikin kuma ta fi su gajiya, ta ɗaga biro. “Yallaɓai, in gida ko'ina ƙofa ce, rufin a kan me zai zauna?”

“A kan ilimi.”

“Allahu Akbar!” in ji Ɗan Wasanni, ya buga tebur. Shi wannan ko atishawa Yallaɓai ya yi sai ya ce ba a taɓa yin irinta ba. “Yallaɓai, doguwar kalma fa? Ai asara ce a ba ta ƙofa ɗaya.”

Latsa-Nan ya lumshe ido, ya ji daɗin samun ɗalibi. Aka zartar cewa doguwar kalma a raba ta biyu, kai ya tafi gabas, wutsiya ta tafi yamma. Mai Hoto, da ke gyangyaɗi, ya farka ya ce aya fa, laifin me ta yi? Aka sa aya ma a layi.

Washegari Allah ya kawo abin gwaji. Wani bawan Allah ya hawo benen da jajayen idanu, ya ba da sanarwar rasuwar mahaifinsa, layi huɗu kacal, da kwatancen gidan da ake zaman gaisuwa. Latsa-Nan ya yi masa ta'aziyya da hannu biyu, ya raka shi har bakin matakala, ya dawo ya naɗe hannun riga. Kalmar “rasu” ta tafi shafin masu maganin ƙarin kuzari. “Gajeruwar rashin lafiya” aka raba ta uku, kowace ta kama gabanta. “Ya bar 'ya'ya” ta kai mutum kantin kayan jarirai. Kwatancen gida kuwa, don a cika alheri, aka haɗa shi da taswirar duniya baki ɗaya, har da tekuna.

Masu gaisuwa suka buɗe sanarwa suka watse a intanet kamar an jefa dutse cikin tsuntsaye. Wani abokin mamacin ya shiga neman lokacin jana'iza, ya fito ya yi odar firji. Wata ƙanwar mamacin ta yini tana kallon yadda ake kama kifi a ƙanƙara, tana kuka, ita kanta ba ta san na wanne take yi ba. Da ɗan mamacin ya dawo benen, bai yi sallama ba.

Latsa-Nan ya tarbe shi da fara'a. “Ɗan'uwa, ka gode wa Allah. Wuraren da mahaifinka ya leƙa jiya kaɗai, bai leƙa rabinsu ba a tsawon rayuwarsa.”

Sai da Mai Hoto da Ɗan Wasanni suka haɗu da wani lebura daga ƙasa kafin a ɓamɓare hannun mutumin daga wuyan rigar ilimi. Da ƙura ta lafa, Latsa-Nan ya gyara maɓalli ya ce a lura, wannan shi ne mai karatu na farko da ya dawo shafin da ƙafarsa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Abin bai tsaya a ofis ba, don ilimi ba ya sanin lokacin tashi. Da ya koma gida da yamma, Auta tana ninke kayan yara ta tambaye shi ko ya karɓo takalmin makarantar babban daga wurin mai gyara.

“Domin cikakken bayani,” in ji shi, “duba abin da na faɗa shekaranjiya a bakin ƙofa.”

“Me ka faɗa a bakin ƙofa?”

“Wannan yana da alaƙa da maganar da na yi da yayanki.”

Auta ta kira yayanta. Yayan ya ce shi rabonsa da mijinta tun ranar da ya ari caja bai dawo da ita ba. Ta ajiye waya, ta shiga kicin. Can ta fito da babbar kula ta dire a gabansa. Ya wanke hannu, ya buɗe, ya tarar da ƙaramar kula. Ya buɗe ta, ya tarar da kwano. Ya buɗe kwano, ya tarar da cokali.

“Domin cikakken abinci,” in ji Auta, “duba gidan maƙwabta.”

Yara suka fashe da dariya har ƙaramar ta ƙware. Da aka kore su, Auta ta kawo abincin gaske, ta zauna kusa da shi, ta sassauta murya. “Baban yara, don girman Allah, ka rubuta wa Gwaggo abu gajere irin na mutane. Na san ta tun ina goye, ba ta maimaita magana. Na riga na saba a ce mini matar edita. Kada ka mayar da ni matar mai tayil, ƙawayena ba su da mantuwa.”

Ya dube ta da tausayi irin na masani. Ya ce kada ta damu, za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. A nan kam gaskiya ya faɗa.

Makalar da ya zaɓa wa Gwaggo ba ƙarama ba ce. Kanunta shi ne, “Mahaɗi Nawa Ya Kamata Makala Ta Ɗauka?” Amsar kuwa ya ɓoye ta a layin ƙarshe, yadda ake ɓoye tsoka a ƙasan kwano, don mai karatu ya yi haƙuri ya kai. Ya zauna yana faɗa, Mai Rahoto tana bugawa tana istigfari, Ɗan Wasanni yana bin kowace kalma da ƙofarta. Da wuraren da ya sani suka ƙare, sai ya koma jefa kalma a manemin intanet, duk abin da ya fara fitowa ya kamo ya ɗaura. Ba ya dubawa. Yallaɓai ma ba ya dubawa, don shi aikinsa gina ƙofa ne, abin da ke bayanta matsalar mai shiga ce.

Kafin Asabar shafi ya koma kamar an kifar da bokitin fenti a kai. Mai Hoto ya kalle shi sau ɗaya ya nemi izinin zuwa ganin likitan ido. Can tsakiya aka hango wata 'yar “da” ta maƙale, baƙa, ita kaɗai, kamar baƙuwa a taron dangi. Latsa-Nan ya ce haram, a ofishinsa ba a wariya. Aka aika ta shafin hasashen yanayi.

Ranar Asabar ya zo da kwat shuɗi, hula shuɗiya, har safa. Aka share ofis, aka ɓoye kofunan da suka yi tsatsa. Da hantsi aka ji matakala tana ƙara, Gwaggo tana hawa tana hutawa, tana tsine wa wanda ya gina benen, ko da yake ita ta tsaya a kansa aka gina. Ta shigo ta zauna a kujerar edita ba tare da an ce bismilla ba, ta ciro tabarau da waya mai tsagaggen gilashi.

“Gwaggo, kafin ki fara, ya dace in yi taƙaitaccen jawabi a kan tarihin...”

“Karatu na zo yi, ba sauraro ba. Buɗe mini.”

Ya buɗe mata, ya koma gefe ya harɗe hannu. Gwaggo ta matso da wayar, ta nesanta ta, ta goge tabarau da gefen mayafi.

“Wayar ce ta lalace, ko haka abin yake?”

“Haka ilimi yake, Gwaggo.”

Ta yi tsaki ta fara. Makalar da karin magana ta buɗe, yadda manyan marubuta ke yi: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Gwaggo ta gyaɗa kai, ta ce wannan gaskiya ne. Sai ta kai babban yatsa don ta tura rubutun sama. To yatsan Gwaggo yatsa ne da ya shekara yana gwada ƙarfin ƙusa, bai iya shafa ba, dannawa ya sani. Ta nemi wurin da za ta ɗora shi, sama shuɗi, ƙasa shuɗi, ko masakar tsinke babu. Ta sauke shi a kan “akurki”.

Makala ta ɓace. Wani shafi ya buɗe, fari tas da baƙin rubutu, da hoton 'yan tsaki sun kewaye kwan fitila. Bayani ne a kan yadda ake kiwon kaji a cikin ɗaki.

“Gwaggo, ƙofa ce kika shiga. Ga inda ake komawa baya.”

“Tsaya.”

“Ai ba mu ne muka...”

“Na ce tsaya, mijin Auta.”

Ya tsaya. Gwaggo ta gyara zama, ta jingina, leɓunanta suna motsi. Ta tura sama, ta ci gaba. Ta sake turawa. Wani wurin ta ce “Ashe!”, wani wurin ta ce “To, to.” Latsa-Nan ya sunkuya wajen ma'aikatansa yana raɗa, ido yana ƙyalli. “Kun ga nutsuwa? Ƙofa ɗaya ke nan fa ta shiga. Ku yi tunanin ta gama zagaye gidan.” Ɗan Wasanni ya ce shi tsigar jikinsa ma tashi take yi. Mai Rahoto ta fara kwashe birukanta tana zubawa a jaka.

Da Gwaggo ta kai ƙarshen bayanin kaji, ta cire tabarau, ta ɗaga kai ta bi ɗakin da kallo, kusurwa kusurwa, irin kallon da ba ta taɓa yi masa ba.

“Tagogin nan suna shan iska?”

Zuciyar Latsa-Nan ta yi fari. Ya san za a zo nan, faɗaɗa ofis. “Iska, Gwaggo? Har takardu take kwashewa.”

“Rufin yana yoyo?”

“Ko ɗigo. Ni da kaina na sa aka liƙe.”

“Ɓeraye fa?”

“A ofishina? Gwaggo, ko ƙadangare sai da izini yake shigowa. Ga famfo a bayan ƙofa, ga wuta ba ta yankewa, in ta yanke ga janareta. Duk unguwar nan babu ɗakin da rai zai zauna ya sake kamar wannan.”

“Haka nake son ji,” in ji Gwaggo. Ta leƙa taga ta ƙwala wa na ƙasa kira a miƙo mata tef ɗin awo. Aka miƙo. Ta zaro bakinsa ta danƙa wa Babban Edita. “Riƙe nan. Kai shi can kusurwa, ka durƙusa, daga ƙasa ake aunawa.”

Ya kai, ya durƙusa, kwat yana sharar ƙasa. Sai a nan ya fara zargin ba faɗaɗa ofis ake shirin yi ba.

“Gwaggo, makalar fa? Amsar tana layin ƙarshe.”

“Wace makala?”

“Tawa. Mai shuɗin.”

“Ai na karanta inda na karanta. Layi guda, kuma ya yi amfani, Allah ya yi maka albarka. Da ba ka nuna mini hanya ba, ina zan san ɗaki irin wannan yana zaune a banza?” Ta duba tef ta yi lissafi da baki. “Teburan nan a sauke su yau. An ce a shimfiɗa abu mai sauƙin wanki a ƙasa, wannan kuma kai ne malaminsa, gobe ka zaɓo mai kauri.”

“Hajiya, mu fa?” in ji Mai Hoto daga bakin ƙofa.

“Wa ya iya sammako a cikinku?”

“Ni!” Ɗan Wasanni ya yi tsalle ya karɓi jakar Gwaggo ya rungume. “Wallahi Hajiya tun ina yaro kaji ke sona. Dama aikin jaridar nan ƙaddara ce.”

Amsar tambayar kuwa, mahaɗi nawa ya kamata makala ta ɗauka, tana nan a layin ƙarshe inda ya ajiye ta. An ce mutane da dama sun shiga nema, har yau ba wanda ya dawo da labari.

Amma babban mutum ko a durƙushe babba ne. Latsa-Nan ya gyara hula da hannun da ba ya riƙe da tef, ya yi gyaran murya, ya dubi abin da ya rage na ma'aikatansa.

“Abokan aiki, tarihi shaida ne. Mai karatu ɗaya, latsawa ɗaya, ga shi rayuwa ta canza. Wancan na tsallaken titi, da ukunsa da biyar ɗinsa, ya taɓa...”

“Mijin Auta,” in ji Gwaggo, tana jan tef, “matsa jikin bango. A wurin kwanon ruwansu kake tsugune.”